Layin da Ya Shiga Ciki

Zuwa ga Uwar Tambaya,

Sallama da gaisuwa daga ni da Gwaggonki da duk wanda ke cikin gidan nan. Muna nan lafiya, in kin ɗebe gwiwata ta dama da ta ƙulla gaba da matakala. Gwaggonki ta ce in tambaye ki ko har yanzu kina zama gaban inji ki manta da cikinki.

Na san za ki yi mamakin ganin wasiƙata, tunda rabonmu da haɗuwa tun kina sakandare. Mahaifiyarki ce ta ba ni adireshin wurin aikinki. Ta ce in kira ki a waya, na ce a'a. Kunnena na hagu ya yi nauyi, kuma abin da nake nema karatu ne. Karatu a takarda ya fi, inda mutum zai koma ya sake dubawa ba tare da ya ce wa kowa "maimaita" ba.

Ga abin da ya faru. Tun kafin a haife ki nake koyar da bugun keken rubutu a makarantar nan. Da kwamfutoci suka zo ban yi gardama ba, madannai dai madannai ne. Na ci gaba da koya wa yara zama a miƙe, kowane yatsa a wurinsa, ido a kan takarda. To, ana gab da hutu Shugaban makaranta ya kira ni ofis. Ya ba ni kujera mai laushi, ya tambayi gwiwata, tun daga nan na san ba alheri. Ya ce an cire darasin bugu daga tsarin karatu. A madadinsa za a koya wa 'yan aji ɗaya yadda ake rubuta wa kwamfuta umarni, abin nan da kuke kira firogiramin. Da an dawo hutu zan gabatar da darasi guda a gabansa da wata jami'a daga ofishin ilimi. In sun gamsu, aji nawa ne. In ba su gamsu ba, a ba wani sabon malami, ni kuma a miƙa mini makullin sito.

Sito fa! Can aka jibge tsofaffin kekunan rubutuna, an lulluɓe su da leda, kusa da karyayyun bencina da ƙwallayen da iska ta fice musu. Wato mu taru mu ƙarasa tsufa tare.

Sabon malamin yaro ne mai ladabi, ba zan yi masa ƙage ba. Kullum da jakar kwamfuta a kafaɗa, har yara sun sa masa Mai Jaka. Ya ce zai koya mini, na yi godiya na wuce. Ta yaya zan zauna gaban wanda ake shirin ba kujerata in ce masa ban gane ba? Ke kuwa tawa ce, ko da zumuncin ya ɗan yi nisa, kakarki da mahaifina ciki ɗaya suka fito. In na yi wauta a gabanki, a cikin gida za ta tsaya.

Ki fara mini daga tushe, kada ki ji nauyina. Kina ƙarama kin hana kowa sakat da "don me?" da "ta yaya?", yau abin ya juyo kaina.

Kawunki

*

Kawu,

Na amsa sallama, kuma na yi murna ƙwarai da jin kuna lafiya. Allah ya sawwaƙe wa gwiwa. Ni ma kalau nake, sai 'yar mura da sanyin ofis ke sa mini. A gaishe da Gwaggo, a ce mata ina cin abinci, a gaban injin dai.

Tun a bayan ambulan na gane hannunka. Babu mai jera adireshi kamar an auna da rula sai kai. Abokiyar aikina ta ɗauka sammaci aka aiko mini daga kotu.

Maganar sito ta ɓata mini rai. Ba za ka shiga ba, in Allah ya yarda. Abin da ake koya wa 'yan aji ɗaya bai taka kara ya karya ba.

Da farko ka cire wa kwamfuta kwarjini, ba ta da wayo ko kaɗan. Ka tuna ɗalibin da ya fi kowa biyayya a ajinka kuma ya fi kowa rashin tunani, wanda in ka ce ya buɗe taga zai buɗe, ruwa na feso shi ba zai rufe ba sai ka ce. To, ita ke nan. Firogiram jerin umarni ne kawai, tana binsu daga sama zuwa ƙasa, ɗaya bayan ɗaya. Ba ta tsallakewa, ba ta cike gurbi, ba ta taɓa cewa "ai na san abin da Malam yake nufi". Duk abin da kake so sai ka faɗa mata ƙarara.

In kana so ta riƙe maka wani abu, suna ko lamba, sai ka ba ta akwati ka liƙa masa suna. Ka ce akwatin nan sunansa maki, ka saka 70 a ciki. Duk inda ka ambaci maki, za ta buɗe ta duba. In daga baya ka saka 40, to 70 ya tafi, don akwatin abu ɗaya yake ɗauka.

Sai sharaɗi, wanda kai ka fi ni saninsa, don kullum shi kake yi da jan biro:

maki = 70
idan maki ya kai 50:
    rubuta "ya ci"
in ba haka ba:
    rubuta "ya faɗi"

Akwai kuma maimaitawa. Maimakon ka buga abu sau talatin, sai ka ce:

maimaita sau 30:
    rubuta "ina kwana, Malam"

Ko ka ce mata "muddin kaza gaskiya ne, yi ta yi". Wannan sai da hankali, dole ka sa masa iyaka, in ba haka ba za ta yi ta yi har a ɗauke wuta.

Ma'anarsu ce na rubuta maka nan. Ainihin kalmomin na Turanci ne, suna kan takardar da na haɗo, na buga maka su da firinta. Ka buɗe manhajar da na zana maka alamarta, ba wadda kuke buga wasiƙu a ciki ba. In ka gama bugawa sai ka danna koren maɓallin nan na sama. In jan rubutu ya fito a ƙasa kada gabanka ya faɗi, kuskure take nuna maka. Mu da muke aikin mun fi ganinsa a kan danginmu.

'Yarka

*

Uwar Tambaya,

Gaisuwa da fatan mura ta sake ki. Gwaggonki ta ce ki riƙa ɗaukar rigar sanyi, kuma ta ce cin abinci a gaban inji ba cin abinci ba ne. Gwiwa tana nan da halinta.

Bari in fara da mai daɗi, don kaɗan ne. Na shiga ɗakin kwamfuta, na buɗe manhajar, na buga layi ɗaya na ce ta rubuta "sannu". Ta rubuta. Wallahi sai da na waiga in ga ko wani ya gani. Akwati ma ya yi. Na saka 70, na tambaye ta, ta ce 70. Na saka 40, ta manta da 70 kamar ba su taɓa haɗuwa ba. Na san mutane masu irin wannan hali, wasunsu a ofis suke.

Daga "idan" komai ya tsaya cak. Na buga, na danna kore, sai ja. Na goge na sake bugawa, ja. Na bar shi na koma kan maimaitawa, ja. A cikin tarkacen jan rubutun na hango lambar layi, na uku. Na ɗauko rula na aza a ƙarƙashin layinki, na bi shi harafi bayan harafi ina gwadawa da nawa. Babu abin da ya ɓace, babu abin da ya ƙaru. Ɗigo biyun nan na ƙarshen layi ma yana nan.

Kin ce kada gabana ya faɗi. Ba ki san ɗakin nan ba. Tebura a jere suke, fuskar kowace kwamfuta tana kallon ƙofa, duk wanda ya shigo ita zai fara gani. Hutu ake yi, amma malamai suna zuwa shigar da sakamakon jarrabawa, Mai Jaka kuma kamar a nan aka binne cibiyarsa. Yana zaune a bayana, ina jin idonsa a ƙeyata. Don haka da ja ya fito nake rufe shi. Ni da na ƙarar da jan biro ba adadi a kan takardun 'ya'yan mutane, yau inji ne ke sa mini ja a bainar jama'a. Raina yana ɓaci, ba zan ɓoye miki ba. Jiya na dawo gida Gwaggonki ta tambaye ni yaya karatu, na yi mata tsawa, ba ta yi mini komai ba.

Shekaranjiya Shugaba ya wuce ni a baranda yana kaɗa makullai a yatsa. Wataƙila na motarsa ne. Ni dai na sito na ji.

Takardarki kuwa na ga alamar gaggawa a bugunta, amma ba komai, kowa da yanayin aikinsa. Abin da nake so ki duba shi ne, anya ba wani abu kika manta ba? Ko kuwa kwamfutocinmu ne suka tsufa, ba sa jin irin yarenku na can? Hutu ya raba tsakiya.

Kawunki

*

Kawu,

Ina gaisuwa, a gaishe da Gwaggo. Mura ta tafi. Ka yi haƙuri da gajeriyar wasiƙa, a tsaye nake rubuta ta. An tura mu wani reshe na kamfani, manhajarsu ta rikice, gobe za mu tafi kuma ban san ranar dawowa ba.

Madalla da "sannu" da akwati, ka ga ka kama hanya.

Na sake buga duk abin da na aiko maka, a kwamfutata da ta abokiyar aikina, har da wata tsohuwa da muke ajiye kofuna a kanta. Duk ya yi aiki. Saboda haka matsalar ba daga kwamfutarku take ba, ba kuma daga takardata ba. Tana wani wuri tsakanin takardar da madannai.

Ka buga shi daidai yadda yake, kada ka canza komai. Kuma don Allah, Kawu, ka daina rufe jan rubutun. Ka karanta shi har ƙarshe, ko ka kwafo mini shi. In ba ka karanta ba, babu yadda zan yi in taimake ka daga nan. In abin ya ƙi, mene ne laifi in ka tambayi Mai Jaka? Yana kusa, ni ina nesa.

'Yarka

*

Zuwa gare ki,

Bayan gaisuwa, muna lafiya.

Na karanta wasiƙarki, na ninke, na sake buɗewa na karanta. Tsakanin takarda da madannai, in ji ki. Na duba tsakanin takarda da madannai, babu kowa a wurin sai yatsuna.

Yarinya, da yatsun nan na ci abinci, da su na ciyar da gida. Akwai sakatarori a ofisoshi da masu rubutu a kotuna da suka fita daga hannuna, har yau in sun gan ni sai sun rusuna. Ana rufe mini ido in buga shafi guda ba kuskure. Yau ke ce za ki ce mini in buga abu daidai yadda yake. Ban taɓa tsammanin jin wannan daga bakin jinina ba, kuma ya yi mini ciwo.

Ga shi nan na buga duka, na fitar da firinta, na haɗo miki. Ki ɗauki jan biro ki nemo mini harafi ɗaya da ya kauce. Ɗaya tak.

Ni kuwa ban ce miki komai ba a kan taki takardar, don na yi miki kara. Layukanki a watse suke, wannan ya fara daga bakin takarda, wancan ya shige ciki kamar mai jin kunyar baƙi. Da ɗalibina ne ya kawo mini haka, sai ya sake. Na ce ƙila gaggawa ce, ko firintarku ce ke wasa, na yi shiru na daidaita miki su, kowane layi ya tsaya a bakin gefe kamar yadda aka san aiki. Ita ma kwamfutar ta koyi halin, da na sauka sabon layi sai ta tura ni ciki, sai na dawo da shi. Duk wannan wahalar na sha ban yi ƙorafi ba.

Batun Mai Jaka kuma na gane. Kin gaji, kina neman wanda za ki miƙa wa kayan. Ba sai kin faɗa ba, na san kuna da ayyuka manya. Ba zan ƙara damunki ba. Zan koya wa yaran "sannu" da akwati, abin da na iya ke nan. In bai isa ba, sito ma ɗaki ne, yana da taga.

Gwaggonki tana gaishe ki. Ta ce kada in aika wannan wasiƙar, na ce sai na aika.

Kawunki

*

Kawu, Kawu, Kawu!

Ina gaisuwa, ina fatan kuna lafiya, amma yau gaisuwar a guje take. Jiya na dawo daga reshen nan na tarar da wasiƙarka a ƙarƙashin tulin takardu, Allah kaɗai ya san tun yaushe take kwance. Na kira lambar da Mama ta ba ni, a kashe. Mama ta ce ai haka kake, wayar tana cikin aljihun tebur tare da tsofaffin batura. Na rasa inda zan sa kaina.

Na buɗe takardar da ka fitar. Babu harafi ɗaya da ya kauce, ban taɓa ganin bugu mai tsabta irin wannan ba. Kuma ba zai taɓa yin aiki ba! Kawu, layukan da ka daidaita mini, su ne aikin. Da gangan suka shiga ciki. Da wannan tazarar kwamfuta ke gane wane umarni ne ke ƙarƙashin "idan", wane ne ke ƙarƙashin "maimaita". In ka jawo su bakin gefe, sai ta ga an ce "idan maki ya kai 50" an yi shiru, ba a faɗi abin da za ta yi ba. Lokacin da take tura ka ciki, taimakonka take yi, kai kuma kana dawo da ita.

Na yi dariya, sannan na zauna na dafe kai don takaici. Ni ce na cika ka da wa'azin cewa kwamfuta ba a bar mata gurbi ta cike, sai ga shi na bar maka gurbi. Abin ya zame mini jiki har na daina ganinsa, ban ko tuna in faɗa ba. Kai kuma ka ga abin da ka ɗauka aibi ne, ka rufa mini asiri. Da ka tsawata mini kamar yadda kake yi wa ɗalibanka, da tun wasiƙa ta biyu an gama.

Maganar tsakanin takarda da madannai, wallahi ba yatsunka nake nufi ba. Haka muke magana a wurin aiki in muna neman inda abu ya lalace, mu ce ba nan ba, ba can ba, to a tsakiya yake. Na manta da wa nake magana. Ka yafe mini. Kuma ban gaji da kai ba, na ambaci Mai Jaka ne don ina tsoron lokaci zai ƙure ina nesa.

Amma ni ma bari in faɗi nawa, tunda ka ce kada in ji nauyinka. Na roƙe ka ka karanta jan rubutun. Abin da na faɗa maka yanzu yana ciki, ita ma ta yi ta faɗa maka. Ka yi hutu guda kana rufe mata baki.

Na san an kusa komawa makaranta, in ma ba a koma ba. Na ba masu kai saƙon gaggawa wannan. Ka bar layukan a karkace, Kawu. Ka ɗaure hannunka in ta kama.

'Yarka, wadda ba ta gaji ba

*

Uwar Tambaya,

Sallama da gaisuwa. Muna lafiya. Gwiwa ta kumbura saboda tsayuwar da zan ba ki labari, Gwaggonki tana gasa mini ita da ruwan zafi tana yi mini faɗa, wai duk taurin kaina ne ya sauko ƙafa.

Wasiƙarki ta gaggawa ta iso bayan an gama komai. Masu gaggawar ma sai da suka kai ta wata makarantar tukuna.

Ranar darasin an haɗa kwamfuta da majigi, duk abin da na buga yana fitowa a bango, kowane harafi kamar tafin hannu. Yara sun cika aji. Shugaba da jami'ar suna gefe, Mai Jaka a can baya ya rungume jakarsa. Na yi "sannu", yara suka yi murna. Na yi akwati, na kawo kwalin alli na gaske na saka takarda a ciki na cire, suka gane. Na fara tattara takarduna ina cewa a raina ko banza na fita da mutuncina.

Sai jami'ar ta ɗago kai ta ce, "Malam, tsarin ya haɗa da sharaɗi. A nuna mana 'idan' kafin a tashi." Ta dubi agogonta.

Na ɗauko takardarki na fara bugawa. Na sauka layi, kwamfuta ta tura ni ciki kamar yadda ta saba. Kullum nakan tsaya in dawo da shi, amma matar nan ta sake duban agogo, na ce ai ko na gyara ja ne, ko ban gyara ba ja ne, gara a yi a gama. Na bar su a watse, abin da ban taɓa yi ba tunda na fara aiki. Na danna kore na sunkuyar da kai.

Sai na ji yara sun haɗa baki sun karanta, "Ya ci!"

Na ɗaga kai. Ga shi a bango, babu ja ko ɗigo. Da mai hankali ne, da ya yi godiya ya zauna. Amma idona ya sauka a kan layukan nan, ɗaya a waje ɗaya a ciki, a bango, a gaban baƙuwa, kunya ta kama ni. Na ce, "Ranki ya daɗe, a yi haƙuri da wannan karkataccen aiki, gaggawa ce, bari in gyara." Na jawo su bakin gefe tsaf. Na danna kore.

Ja. Bango guda na ja.

Shugaba ya dubi takalminsa. Mai Jaka ya fara miƙewa, na ce masa, "Zauna, Malam." Hannuna ya tafi zai rufe, sai na ga babu amfani, kowa ya riga ya gani. Tunda babu wurin ɓuya, na gyara tabarau na karanta shi da ƙarfi, tun daga farko har ƙarshe. A layin ƙarshe ta ce tana jiran a shigar da layi na uku ciki. Da Turanci mai sauƙi, da kalmar da ni kaina nake koya wa yara in za su fara sakin layi. Hutu guda tana faɗa mini, ina rufe mata baki, kamar yadda kika ce.

Na tura layin ciki, shi da ɗan'uwansa na ƙasa, na danna, ya ci. Na jawo shi waje, ja. Na sake turawa, ya ci. Na manta da Shugaba, na manta da agogon matar. Na juya na ce wa yara, "Kun gani? Layin da ya shiga ciki ɗan aiken 'idan' ne, a bayansa yake tsayawa. In kun fito da shi bakin gefe ya zama mai zaman kansa, 'idan' ya waiga bai ga wanda zai aika ba." Na sa suka canza maki zuwa 40, suka faɗi abin da zai fito kafin a danna. Aka buga ƙararrawa babu wanda ya tashi.

A bakin ƙofa jami'ar ta ce, "Malam, da gangan ka ɓata shi don su gani?" Shugaba yana ta ƙifta mini ido. Na ce, "A'a, ranki ya daɗe, yanzu na gane, tare da su." Ta dube ni, ta rubuta wani abu mai tsawo, ta tafi. Na kwana biyu ina jiran hukunci.

Jiya Shugaba ya kira ni, kujera mai tauri ya ba ni wannan karon. An bar mini ajin zango ɗaya, a ga kamun ludayina, Mai Jaka kuma zai riƙa zama a ciki. Ban so ba, amma na karɓa. Makullin sito yana nan rataye a ƙusa a bayan teburinsa, na gan shi, shi ma ya ga na gan shi.

Har yanzu ina kan bakana, aikin nan naku ba shi da kyan gani. Kuma ba a koya wa mutum abu a bar rabi a ciki, wannan ki riƙe. Amma wasiƙar da na aiko miki, Gwaggonki ta yi gaskiya, bai kamata ta fita daga gidan nan ba. Ki yaga ta.

Saura maimaitawa, da abin da kika ce game da "muddin". Na gwada rubuta guda da hannu, ki duba mini. Na sa masa iyaka kamar yadda kika ce.

muddin Kawu yana numfashi:
    ki riƙa rubuto masa

Layi na biyu ya shiga ciki. Rula tana gefena, hannuna ya yi ta ƙaiƙayi, na bar shi a haka.

Kawunki